Motar Kwali da Motar Kara

Ni dai ban san wasa ya koma aikin asibiti ba sai da jikana ya zo hutu bayan girbi. Ɗan babbar 'yata ne, yana karatu a Kano, gemu ya fara tsiro masa amma har yanzu in ya shigo zaure sai ya lalube aljihuna ya ji ko na ɓoye dabino. Ya sauka a Karaye, ɗan acaɓa ya ƙaraso da shi ƙauyenmu, jaka a baya, wani kwali a hammata, yana lallaɓa shi kamar an ba shi ajiyar ƙwai. Na ce, "Kai mutumin banza, me ka kawo wa tsohon naka?" Ya ce, "Alhaji, wannan ba naka ba ne, mota ce." A jikin kwalin kuwa ga hoton wata jar mota tana sheƙi. Da ya buɗe sai na ga babu mota babu dalilinta, sai tarkacen roba ƙanana a maƙale jikin wasu sanduna, da 'yan kwalabe na fenti da ba su kai babban yatsana ba, da wata takarda mai zane-zane da lambobi.

Tun daga ranar zaurena ya tashi daga nawa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarmata, ya jera kayansa, ya hana kowa wucewa ta gefen. Da abin yanke farce yake ciro kowane guntu, ya goge bakinsa da samfefa, ya duba takarda, ya ɗiga gam da tsinin allura, ya manna, sannan ya riƙe numfashi kamar mai jiran sakamakon gwajin jini. Warin gam ɗin nan har cikin kaina nake jin sa. In na yi tari sai ya ɗago ya harare ni, wai zan hure masa madubin gefe. Akwai ranar da ya wuni yana fentin injin, da wani buroshi mai gashi kamar na girar jariri, ya sa baƙi nan, ya sa ruwan azurfa can, ina zaune ina kallo har na fara jin daɗin abin. Da ya gama sai ya ɗauko murfi ya rufe injin ruf, ya bi da gam. Na ce, "To wa zai ga wahalar da ka sha a ciki?" Ya ce, "Ni na san tana nan."

Abin da ya ƙure ni shi ne ranar da ya ce ya gama. Ya jiƙa wasu 'yan takardu a ruwa ya zame lambobi a jikin ƙofa, ya goge gilashi da auduga, ya ajiye ta a gabana. Gaskiya ta yi kyau, ba zan ci amanarta ba. Na sa yatsa na ɗan tura ta, sai yaron nan ya yi tsalle kamar na taka masa ƙafa. Ashe tayoyin ma a manne suke, ba sa juyawa. Na ce, "Wa zai ja ta?" Ya ce, "Ba a janta, Alhaji, ajiyewa ake yi a riƙa kallo." Wallahi haushi ya kama ni har wuya. An yanka maka komai, an zana maka inda kowane zai zauna, an sa masa lamba don kada ka ɓata, ka gama kuma ba ta tafiya. Ban faɗa masa a lokacin ba, amma ba motarsa ce ta fi damuna ba. Na daɗe ina lura cewa a gidan nan da unguwar nan kaf babu yaro ɗaya da ya iya haɗa motar kara, kuma cikin waɗanda muka yi ta tare ni kaɗai na rage da sauran ido. Ina so in ga wani yaro ya iya ta kafin in bar duniya, abin da ke cina ke nan.

Mu a namu lokacin motarmu daga gona take fitowa. Da an yanke dawa an jingina kara a jikin bishiyoyi, gari ya cika da luguden mata da ƙarar sussuka, to lokacinmu ya yi. Ba wai an sake mu ba ne. Sai ka tashi daga allo, ka kai awaki bakin fadama, ka cika randar Inna, ka yanko wa jaki ciyawa, sannan abin da ya rage na yinin ya zama naka. Ka zaɓi kara mai kauri na dawa farfara ko ƙaura, wanda ya bushe amma bai yi burtuntuna ba, ka feɗe ɓawonsa da haƙori ko da guntun reza in ka yi sa'a. Totuwar, wato laushin nan na ciki, ita ce katakonmu. Ɓawon kuma mu tsaga shi siri-siri, shi ne ƙusarmu, kuma shi ne ke yanka yatsu, don ya fi aska kaifi. Taya daga sakaina take, ka sami fasasshiyar ƙwarya a bayan ɗaki ka yi ta goga ta a dutse har ta zagaye. Sille, wato siririn saman kara, shi ke ratsa tayoyi. Kakata in ta ga mun dira a kan tarin karanta takan ce, "Kun zo ke nan, 'yan fashin murhu, yau ma da ɗanyen tuwo za a kwana." Tana faɗa tana zaro mana masu kyau daga ƙasa.

Takardarmu kuwa ita ce motar gyaɗa. Wata babbar mota ce mai bodin katako da ke zuwa ɗaukar buhuna ta kai Kano. Tun tana hanyar Rogo muke jin ta, in ta zo hawan rafi ta yi wani gurnani ta sauya giya, kowane yaro ya yar da abin da ke hannunsa. Muna isa mu kewaye ta, wani ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, wani ya ƙirga katakon gefe da yatsa, yaron motar yana korarmu da tsumma mai baƙin mai. Abin da idonka ya ɗauko kafin a gama lodi, shi za ka je ka ƙera. Fenti kuma sai ka nemo. Ja daga karan dafi, mu roƙi baduku ɗan guntu mu jiƙa da kanwa. Shuɗi daga bular wanki, a sato ta a bakin rijiya a sha duka daga baya. Baƙi gawayi ne da ƙaro, fari farar ƙasa ce, kore kuma mu daka ɗanyen ganyen wake, wanda kafin la'asar ya koma kalar kashin akuya. Gashin kaza shi ne buroshi. Fitilun gaba kuwa takardar sigari ce mai ƙyalli, wadda sai ka bi bayan 'yan kamasho kafin ka tsinci guda.

Amma duk wannan ba shi ne zancen ba. Muna da ka'ida, ba wanda ya zauna ya koya mana ita, haka muka tarar. Wanda ya ƙera mota ba ya ajiye ta. Ranar da ka gama, ka yi mata lodin gyaɗa ko tsakuwa, ka sa mata dogon kara na turawa, ka kai ta gangaren rafi ka dawo, kowa ya shaida tana tafiya. Daga nan ta zama ta ƙanenka. In ba ka da ƙane, ta ƙanen maƙwabci ce. Kuma in ta karye a hannunsa, wanda dole ta karye, babu mai gyara masa.

Ni a hannun yayana na gamu da wannan ka'ida, Allah ya jiƙansa. Ya ƙera wata irin motar gyaɗar nan, har da ƙofar direba mai buɗewa da tsani a baya, yara daga ƙauyen Turawa ma sun zo kallonta. Ya kai ta rafi ya dawo, ya miƙo mini sandar ba tare da ya ko kalle ni ba. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Na yi ta zagaya gari ina gurnani da baki ina sauya giya, na hana kaina abinci. Washegari na ce sai na sauka gangare da gudu kamar yadda manya ke yi. Taya ta daki saiwa, na yi tuntuɓe na faɗa a kanta da cikina. Na kwaso ta a riga ina kuka kamar an yi mutuwa, na tarar da shi a gindin rumbu yana shan rake. Ya dube ta ya ce, "Ta mutu? To buɗe ta ka ga abin da ya kashe ta." Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Haba, ka gyara wa yaron nan mana, ka ga yadda yake shiɗewa." Ya tofar da ɓawon rake ya ce, "Inna, ni wa ya gyara mini?" Na tsane shi a ranar, tsana ta gaske.

Da kukan ya ƙare ba abin yi, sai na zauna na fara zare tsinkayen ɗaya bayan ɗaya. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba duk zagayen da na yi da ita. Ashe a kowace kusurwa tsinke biyu yake sokawa a gicciye don kada ta buɗe. Ashe inda sille ke ratsawa gaɓar kara yake sawa, mai tauri, don kada ramin ya cinye. Ashe ƙofar a kan tsinke ɗaya take juyawa, daga sama har ƙasa. Na je na sato karan Kaka na fara tawa. Yatsuna duk suka tsattsage, Inna tana ɗaure mini su da tsumma tana faɗa. Motar da na fitar a karkace take tafiya, yara suka sa mata suna ƙaguwa, sunan ya bi ni har na yi aure. Yayana ya ɗaga ta ya jujjuya, ya ce tayar hagu ta fi ta dama, ya ajiye. Ni kuma na kai ta rafi na dawo na miƙa wa ɗan maƙwabcinmu.

Wannan labarin na ba jikana, ina tsammanin zai jinjina. Sai ya kwashe da dariya ya ce, "Alhaji, da kara? Har da ƙofa mai buɗewa? Ka dai ƙara gishiri, tsoho." Na ce to shi ke nan, kafin ka koma sai ka gani da idonka. Ban san wahalar da na jawo wa kaina ba. Na je gonar ɗana, wanda muke gida ɗaya da shi da iyalinsa, na tarar gajeriyar dawar zamani yake shukawa, karanta kamar tsinken tsintsiya, shi ma ɗin an riga an kwashe an kai injin niƙa don masu kiwon shanu. Sai da na aika har garin Fulatan wurin wani tsohon abokina mai taurin kai irina, wanda bai bar farfara ba, aka ɗauro mini dami a bayan babur. Sakaina kuma na zagaye gidan nan ban sami ko ɗaya ba, komai roba, har abin da ake ba kaji ruwa. Hajiya, matata, tana da ƙwarya guda ta damun fura da ta gada wurin mahaifiyarta. Na ɗan kalli wajen kawai ta ce, "Malam, ko da wasa." A kasuwa na sami wata mai nono ta ba ni tsagaggiya, tana tambayata ko magani zan haɗa. Baduku kuwa da na ce masa karan dafi, dariya ya yi ya nuna mini garin rini a leda.

Da kaya suka haɗu sai hannuna ya ci amanata. Kaina ya san komai, ko a mafarki zan iya faɗin inda kowane tsinke zai shiga, amma yatsun rawa suke yi. Na soka nan ya fita can. Ɓawon kara ya yanke ni a babban yatsa, jini ya ɓata totuwar. Na zauna ina kallon hannun nan kamar na aro, raina a ɓace, ina jin kunyar yaron. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya matso ya ce, "Kawo, kai ka faɗa ni in yi." Ya fara neman abin awo, na ce a'a, yatsa huɗu tsawon kan mota, taƙin hannu ɗaya bodi. Ya nemi gam, na ce in ka kawo gam ɗin nan kusa da ita sai na saɓa maka. To a nan na ga amfanin zaman asibitin nasa, don yaron yana da haƙuri, hannunsa kuma ba ya gaggawa. Na nuna masa gicciyen kusurwa sau ɗaya ya ɗauka. Da ƙofar direba ta buɗe ta rufe a kan tsinkenta, ya yi ta buɗewa yana rufewa yana cewa, "Kai, Alhaji, ashe da gaske kake." Fentinsa muka shafa, kore a bodi, ja a kai, kuma dole in faɗa, ya fi ganyen wake nesa ba kusa ba.

Ya so ya tafi da ita Kano ya ajiye kusa da jar motarsa. Na ce ba a haka. Na zuba mata gyaɗa, na kama sanda, ni da furfurata na tura ta daga ƙofar gida zuwa bakin masallaci na dawo, tayoyin sakaina suna ƙwaras-ƙwaras a kan tsakuwa, maƙwabta suna ta dariya suna cewa Alhaji ya sayi mota. Sannan na kira ɗan ɗana, wanda bai daɗe da fara famfara ba, na danƙa masa sandar na ce, "Taka ce, je ka." Ya shige cikin gida da gudu yana gurnani da baki, ba wanda ya koya masa. Washegari babban jikan ya naɗe jar motarsa a tawul ya koma makaranta. Ni kuma na zauna a zaure na kasa kunne ina jiran kuka, har na shirya abin da zan ce in an kawo mini ita a riga.

Kukan ya zo kuwa, kafin azahar. Na gyara zama. Shiru ba a kawo komai ba. Sai Hajiya ta fito take gaya mini abin da ya faru. Matar ɗana ce ta ga yaron yana jan motar a ƙasa kusa da kwata, ta make shi, ta karɓe, ta goge ta da ƙyalle, ta buɗe durowar gilashin da take jera tangaran ɗinta na aure ta sa ta a tsakiya, ta murɗa makulli.

To ka ji inda aka ɗaure ni. Yarinyar nan tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa leƙa ɗakinta ba, ba kuma zan leƙa ba. Daga nesa take durƙusawa ta gaishe ni, kanta a ƙasa, ni ma kaina a gefe, in ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, ta tashi. Ko sunana in wani yaro ya ci ba ta faɗa. Mutumiyar kirki ce, ban taɓa jin abin ƙi a wurinta ba. Ta yaya zan tsayar da surukata in ce mata ta fito da mota a karya? Na aiki Hajiya. Ta dawo tana ƙunshe dariya ta ce, "Ta ce Allah ya kiyaye. Abin da Baba ya wahala a kansa har da jininsa a jiki, ba da ita za a wulaƙanta shi a ƙasa ba. Ta ce ko bayan ranka shi za a riƙa nuna wa yara." Na ce ki koma ki ce ni na ce. Ta koma, ta dawo ta ce yarinyar ta ce ta san kawaici irin na Baba ne, ba zai so a ce ya hana jikansa ba. Na kira ɗana na yi masa bayani tun daga kan yayana. Ya saurara da ladabi har na gama, sannan ya ce, "Baba, ai girmama ka ta yi. In na fito da ita yanzu cewa za ta yi ni ne na raina ka." Na rasa wanda zan yi wa faɗa, don duk cikinsu ba wanda ya yi mini laifin da zan iya kai ƙara.

Na ce to bari in sake wata. Na je inda na jingina ragowar damin Fulatan na tarar Hajiya ta hura wutar koko da shi. Ko da yana nan ma, hannun da zai soka tsinken yana Kano, ya kuma ce hutu mai zuwa aikin koyon sana'a za a tura su wani gari. Damina ta zo ta wuce. A rayuwata ban taɓa ganin motar kara ta ga watan gaba ba, wannan ga ta tana neman zagayo shekara.

Ɗazu da safe ƙaramin ya shigo gaishe ni da kayan makaranta a jikinsa. Na riƙe hannunsa na rage murya na ce, "Ina motarka?" Ya ce, "Tana nan, Kaka. Ran Juma'a Umma tana buɗe mana mu kalla, amma sai mun sa hannu a baya." Na ce, "Ka san yadda aka sa mata ƙofar nan?" Ya girgiza kai. Da ya ga fuskata ta sauya sai ya matso, yana so ya faranta mini, ya ce, "Kada ka damu, Kaka, babu abin da ya same ta. Ko tsinke ɗaya bai fita ba."

Na ce masa madalla, Allah ya yi albarka. Ya ɗauki jakarsa ya tafi makaranta.